Ranar da Baba Ya Ci Hoce a Bakin Titi

Masu karatu, da yawa daga cikinku kun rubuto kuna tambayata wai me na gani a jikin Lukuman har na nace masa, ga shi ba ofis, ba mota, ko babur babu. Yau zan ba ku amsa. Sai dai ku yi mini haƙuri, domin a cikin amsar akwai abin da har gobe nake jin kunyarsa.

A shekarar 1997 ne, jiharmu ta Zamfara ba ta ma cika shekara da samuwa ba. Gusau ta cika maƙil da ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato, kowa da jakarsa da 'yar katifarsa, iyali an baro su can saboda babu gidajen haya. Mutum zai taso daga aiki yunwa na cinsa, bai san inda zai nufa ba, sai ya ƙare a burodi da shayi safe da yamma. Shi kuwa Lukuman haifaffen Kanwuri ne, ya gama difloma yana zaman jiran aiki, kuma babu mai tuya ko mai gashi a garin da bai san sunanta da na kakarta ba. Da abokan yayansa biyu ya fara, ya zaga da su a ƙafa suka ci suka yi santi. Kafin wata uku, duk bayan la'asar sai ka ga mutum takwas ko goma a gindin dalbejiyar bakin Tsohuwar Kasuwa suna jiransa. Yana gaba da buta da sabulu, suna biye, a tsaya nan a ɗanɗana, a matsa gaba a ɗanɗana, in an gama su ba shi ladansa. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Sarkin Kwaɗayi, shi kuma ya amsa abinsa ba ko fushi.

Wannan sunan shi ya riga shi shiga gidanmu.

Mahaifina, Malam Idris, shekara talatin ya yi yana magatakarda a kotun alƙali a Tsafe. Da ya ajiye aiki, bayan rasuwar Innata, muka dawo Tudun Wada, ni da shi da yayarsa Gwaggo Indo. Baba mutum ne mai ƙa'ida. A wurinsa namijin da ke cin abinci a titi ya zubar da mutuncinsa, kuma yakan ce a zamaninsu irin wannan ko shaida ya zo bayarwa sai an yi ta juyayi kafin a karɓa. To ku duba, ga wanda ba cin kawai yake yi ba, har jan mutane yake yi su je su ci, shi ne yake neman auren 'yarsa tilo.

Gwaggo ba ta raga mini ko kwana ɗaya.

"Juwairiyya, ke dai ba ki da wayau," haka take cewa tana tsince shinkafa. "Ga Sadiƙ ɗan wajen Alhaji Usman, an ba shi kujera sakatariya. Ke ko kin liƙe ma mai yawo da buta. In anka tambaye ki aikin mijinki, mi za ki ce? Shina rakiyar cikkuna?"

Ni dai sai in ci gaba da yankan albasa, in bar albasar ta ɗauki laifin hawayena.

Baba bai taɓa yi mini tilas ba, wannan ina gode masa. Ya yarda Lukuman ya zo ya gaishe shi sau ɗaya. Ya zo, ya durƙusa tun daga bakin zaure, kansa a ƙasa har ya fita, Baba kuwa "madalla" kaɗai ya ce masa. Bayan nan ya kira ni ya ce zai yi bincikensa, ranar Juma'a ta sama zai faɗi ko a turo magabata ko a haƙura. Kowa a gidan ya san inda maganar ta dosa. Gwaggo har ta fara yi mini zancen kalar kujerun gidan Sadiƙ.

Lokacin babu wayar hannu. Ƙawata Luba, ma'aikaciyar jinya da aka turo daga Sakkwato, ita ce wayarmu. Ranar Alhamis ta kawo mini ƙunshin kilishi, a ƙarƙashin takardar akwai wata 'yar takarda a ninke. Lukuman ne ya rubuta: "Juwairiyya, ban san abin da Baba zai ce ba. In ya ce a'a, ba zan yi jayayya da shi ba. Amma ina son ko sau ɗaya ki ga aikin nan da idonki, don kada ki tuna da ni a matsayin abin da ake faɗa. Asabar da mata nake fita, Luba za ta zo."

Na karanta ta ya fi sau goma. Ranar Asabar na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, na ce wa Gwaggo za ni gidan Luba kitso. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Mun tarar da mutum bakwai a gindin dalbejiya: malamai mata uku, wasu ma'aikata biyu, da wani da matarsa. Lukuman na sanye da kaftani ruwan ƙasa da ya sha guga, buta a hannu. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya gaishe ni kamar yadda ya gaishe da kowa. Yana cikin bayani ke nan na ji sallama a bayana, muryar da ko a cikin barci na san ta.

Baba ne.

Ba babbar riga, ba rawani. Wani tsohon kaftani ruwan toka ya saka wanda ban taɓa ganinsa da shi a waje ba, da hula ƙube da tabarau. Ya dube ni, na dube shi, ya ɗan girgiza kai sau ɗaya. Na gane nufinsa sarai: in na buɗe baki, kashina ya bushe. Luba ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shige ni.

"Maraba da Baba," in ji Lukuman da fara'arsa. "Kai ma baƙo ne garin namu?"

"Ga wagga harka dai baƙo nike," in ji Baba. Ko a nan bai yarda ya yi ƙarya ba.

"To Baba, dokokina ukku ne. Ba a ƙoshi wuri na hwarko. Ba a ci sai an wanke hannu. Kuma duk wadda munka ci abincinta, sai mun gaishe ta da sunanta."

Muka kama hanya, yana bi da mu ta gefen inuwa. Wurin farko na Hafsat mai masa ne, a bayan rumfunan 'yan hatsi. Kafin mu ƙarasa ƙamshin man gyaɗa ya tare mu. Lukuman ya zuba wa kowa ruwa a hannu, ya ce mu lura da gefen masar, yadda ya yi ja bai ƙone ba, wai tandar ta girmi Hafsat ɗin kanta, ta uwarta ce. Kowa biyu biyu da ɗan miyar taushe. Malaman nan suka fara lumshe ido. Ni kuwa na tauna tawa ban san ko masa ce ko tsumma ba, saboda idon Baba na kaina. Da aka miƙa masa ya ce, "Na gode, ban ci." Lukuman bai matsa masa ba.

A hanya ɗaya daga cikin ma'aikatan ya fara tsokana.

"Sarkin Kwaɗayi, kai da ka san duk masu dahuwar garin ga, yaushe za ka aje taka gida?"

"Akwai wadda nike nema," in ji Lukuman, bai ko kalli inda nake ba. "Sai dai mahaihinta bai son sana'ata."

"Wane irin mutum ne?"

"Wallahi ban san huskatai ba. Sau guda na gaishe shi, kaina na ƙasa. Takalmanshi kaɗai na sani, baƙaƙe na hwata, sau-ciki. Ko cikin dubu anka aje su sai na hidda su."

Aka kwashe da dariya. Na saci kallon ƙafar Baba. Silifas ɗin roba ne, wanda yake shiga banɗaki da shi. A cikin wannan tashin hankalin sai da dariya ta kusa kufce mini, don na tabbata da gangan ya yi.

"Kuma ba ka jin haushinai?" Baba ne ya jefa tambayar, a hankali.

"A'a Baba. Ɗiya guda gare shi. Ni ma da tawa ce sai na bincika."

Baba ya ci gaba da tafiya hannuwansa a baya.

Wuri na biyu na Mu'azu mai balangu ne a bakin tashar mota. Nan ne na fara ganin Lukuman na satar kallon Baba. Mu'azu ya ɗaga takardar da ya rufe naman, tururi ya tashi da ƙamshin kitse da yaji, kowa ya matso. Baba ya ja baya ya juya fuska wajen motoci. Da aka kawo ruwan randa aka zagaya da shi, ya karɓa ya kurɓa, sai na ga ya runtse ido ya dafe muƙamuƙinsa. Ni a raina na ce takaici ne yake cinsa, shi ke nan tawa ta ƙare. Lukuman kuwa ya koma gefe ya yi wa Mu'azu raɗa. Na ji ƙarar ɗan turmi a bayan tebur, can sai ga shi da ƙaramin kwano a rufe, ya riƙe abinsa bai ce wa kowa komai ba.

Muka wuce wurin mai raken Bungudu, muka sha fura wurin wata Bafulatana a gindin tsamiya. Duk Baba "na gode" yake cewa. Rana ta yi sanyi muka shiga Kanwuri, wurin ƙarshe, wurin Inna Habiba mai hoce. Ga waɗanda ba 'yan yankinmu ba, hoce wata gurasar dawa ce da ake gasawa, tana da ɗan tauri da ɗan tsami, akan marmasa ta a cikin datu, wato kwaɗon rama ko zogale. Inna Habiba tsohuwa ce 'yar Kekun Waje, tana zama a jikin wata katanga ta ƙasa, da benci guda ɗaya.

Lukuman ya ja bencin zuwa ƙarshen katangar ya ce, "Baba, tahiya ta yi tsawo, zamna nan ka huta." Baba ya zauna. Ni ina tsaye a bayan Luba, kusa da su, ina jin komai. Na ga Lukuman ya wanke hannunsa, ya buɗe kwanon nan. Romo ne da hanta da tsoka, an daka su sun yi laushi lilis. Ya ɗauki hoce guda ya marmasa a ciki, ya jira ta jiƙa, sannan ya durƙusa ya rage murya.

"Baba, ka gahwarce ni in na yi shisshigi. Kakana haka yay yi shekaru. Haƙori ya hana shi nama, kunya ta hana shi hwaɗi, mu kuma muna cewa dattako ne. Wanga ba ya son tauna. Ba wanda za shi gane ka."

Bai jira amsa ba, ya ajiye masa kwanon a gefensa. Ya miƙe ya juya wa Baba baya, ya tsaya daidai inda ya kare shi daga titi da sauran mutane, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku matso nan wajen Inna ku ga tukunyar da taka gashi. Inna, gaya musu shekarar da kika hwara."

Kowa ya juya wajen tsohuwa, ta shiga ba su labarin shekarar da aka yi fari ta shigo Gusau da kwando a ka. Ni kaɗai ban juya ba.

Masu karatu, a nan ne abin kunyar tawa yake. A gidanmu Baba shi kaɗai yake cin abinci, a ɗakinsa, labule a sake. Haka na taso na gani, 'ya ba ta tsayawa kallon bakin ubanta. Ni nake dafawa, ni nake kai kwano in ajiye in fito, ni nake ɗaukowa. Shekara uku kwanon nan yana dawowa da namansa cif, tuwon ma an ɗan taɓa gefe. Gwaggo takan ce halin manya ne, ba su damu da ciki ba. Ni kuwa na ɗauka girkina ne bai kai na Innata ba, har na riƙa jin haushi a ɓoye. Rigunansa suka yi masa yawa, muka ce tsufa ne. Ban taɓa tambaya ba. Ga wani da bai san ko wane ne shi ba, a cikin yammaci ɗaya ya gano abin da ni da nake kwana gida ɗaya da shi na kasa gani.

Baba ya daɗe yana kallon kwanon. Na san abin da ke faɗa a ransa, ƙa'idar shekara talatin ce a gefe guda, ƙamshin romo a ɗaya gefen. Na ga leɓensa ya motsa da bisimilla. Ya kai loma ta farko, ya rufe ido. Ta biyu ba ta jira ta farko ba. Ya cinye tas, ya sa yatsa ya suɗe kwanon, a bakin titin Kanwuri, masu kekuna na wucewa. Duk tsawon lokacin Lukuman bai waiwayo ba ko sau ɗaya, sai ƙara jan Inna Habiba da tambaya yake yi, har sai da ya ji an ajiye kwano.

Na ja mayafina na rufe fuska. Luba ta ce mini yaji ne? Na ce eh.

Da za a watse, Baba ya wanke hannu, ya je gaban tsohuwar ya ce, "Habiba, Allah shi yi albarka." Ya cika doka ta uku ke nan. Ya dubi Lukuman kamar zai yi magana, sai kawai ya ɗaga masa hannu ya juya. Lukuman ya bi shi da "Baba, a sauka lahiya, a dawo wata Asabar." Ni kuma ya ce mini a hankali, "Kin gani?" Na ce, "Na gani." Bai san iyakar abin da na gani ba.

Na riga Baba isa gida don ya tsaya masallaci. Gwaggo ta dubi kaina ta ce ina kitson? Na ce mai kitso ba ta nan. Na shige kicin, na tsame naman miyar dare gaba ɗaya na zuba a turmi. Gwaggo ta leƙo.

"Mi kike yi haka? Wa ad daka naman miya?"

"Yau dai haka nike so, Gwaggo."

Na tuƙa tuwon da ruwa-ruwa, na zuba miyar kuka da dakakken naman a kai. Bayan magariba na yi sallama a ƙofar ɗakin Baba. Ya mayar da rawaninsa, yana zaune a kan buzu. Na ajiye kwano zan juya.

"Zamna," ya ce.

Na zauna a bakin ƙofa. Ya buɗe kwanon, ya ga abin da ke ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya wanke hannu ya fara ci a gabana. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba sai yau, ga shi har sau biyu.

"Kin hita ba da izni ba, kuma kin yi ma Gwaggonki ƙarya," ya ce. "Wannan za ki ba ta haƙuri da bakinki."

"To Baba. Ka yahe mani." Na sunkuyar da kai. "Baba, don mi ba ka hwaɗi ba? Shekara ukku."

"Innarki ce ta sani. Ita ka daka mani ba wanda ya ji. Da ta tahi, sai na ga ba ni iya buɗe baki in ce ma ɗiyata na zama jariri."

Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba. Ya bar ni na yi mai isata, yana cin tuwonsa a hankali.

"Shekara talatin ina rubuta maganar masu shaida," ya ce can. "Kowa ya zo, abin da yag gani shika tonawa. Yau na ga wanda yag gani ya ruhe. Har yanzu ban son cin titi, kada ki ce na canza. Amma ki aika mashi, magabatanshi su taho ran Juma'a bayan an sauko. Shi ma shi biyo su, ina son shi ɗago kai mu gaisa."

Na shiga godiya, na yi ta jera ta har ta fara maimaita kanta. Na gode wa Allah, na gode wa Baba, a zuciyata har Mu'azu da turminsa sai da na gode wa.

"Saura guda," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Kada ki kuskura ki gaya mashi ko wane tsoho ne yac ci hoce. Ke da Luba duka."

"Baba, wallahi in ya gane ka, suma za shi yi."

"Shi suma. Ni ma yau na sha tawa kunya, shi ɗanɗani tashi."

Na ga gefen bakinsa yana motsi, ya sa hannu ya kare. Na yunƙura zan ɗauki kwanon, sai na ga babu ko loma a ciki. Ya turo mini shi da yatsa biyu, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Juwairiyya," ya ce, "akwai saura cikin tukunya?"